Cin zarafin mata a ƙasashen waje: laifin tafiya ne ko na mai riƙe da fasfo?

Da wuya wata ya ƙare ba wani bidiyo ya zaga wayoyin mutane a Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba. Yarinya ce a wani ɗan tsukukun ɗaki, ta rage murya don kada a ji ta, tana cewa maigidan da take yi wa aikatau a wata ƙasar Larabawa ya hana ta sakat, don girman Allah a taimaka a dawo da ita gida. Kafin la'asar gardama ta kankama a majalisu da zaurukan WhatsApp. Wannan ya ce, "Me ya kai ta? Kwaɗayi mabuɗin wahala." Wancan ya ce ai maganin ɗaya ne, a hana mace fita ba muharrami. Mata kuwa, a gidan suna ko wajen kitso, sai su yi ƙasa da murya su kawo labarin wata da suka sani, wadda ita ko bidiyon ba ta samu damar yi ba.

Abin tambaya shi ne, fitar ce da kanta ke jawo wa mace cin zarafi, ko akwai wani abu a yadda ake shirya tafiyar da ke damƙa ta a hannun wanda zai cuce ta? In ka bi labaran ɗaya bayan ɗaya, abu guda za ka yi ta cin karo da shi: takardunta da kuɗinta da makwancinta duk suna hannun wani.

## Me ake nufi da cin zarafin?

Hausa ba ta rasa kalmomi ba, kunya ce ke sa muna dunƙule su. "Ya neme ta", "ya yi mata maganar banza", "ya so ya ɓata ta", duk mu zuba a kwando ɗaya. Doka kuwa rarrabewa take yi. Akwai na baki da take-take: kalaman batsa, bin mace a baya, turo mata hotunan tsiraici, naci bayan ta ce a'a. Akwai na hannu: shafa, matse ta da gangan a cikin cunkoso, rungumar dole. Akwai kuma cinikin ba ni gishiri in ba ki manda, inda ejan ko jami'i ko maigida zai riƙe abin da yake haƙƙinta ne, biza ko albashi ko hatimin shiga ƙasa, ya ce sai ta ba da kanta. Fyaɗe laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa ya fi duka nauyi. Safarar mutane ma wani babi ne daban, wato a yaudari mutum ko a tilasta shi a kai shi wani wuri don a ci da guminsa, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya da waɗancan.

Ma'aunin a dukkansu shi ne rashin yarda. Tufafin da ta sa, ko lokacin da ta fito, ko dalilin tafiyarta, ba sa cikin ma'anar laifin. Dokar laifuffuka ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi ɗaurin shekara 3 ga wanda aka samu da irin wannan cin zarafi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 a 2019, Najeriya ta amince da ita a 2022, kuma abin lura a cikinta shi ne ta haɗa har da tafiyar da aka yi saboda aiki da masaukin da mai aiki ya bayar. Wato ɗakin da aka ba 'yar aikatau a bayan kicin, shi ma wurin aiki ne a idon yarjejeniyar.

## Tun daga Ikko ake fara ɗaure ta

Matan da ke bi ta filin jirgin Murtala Muhammed ba iri ɗaya ba ne. Akwai Hajiya 'yar kasuwa mai zuwa Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya, akwai ɗaliba mai tafiya Masar ko Indiya ko Ingila, akwai maniyyaciya, akwai mai zuwa jinya. Kowace na iya haɗuwa da ɗan iska a tasi ko a otal. Amma wadda ta sayi tikitinta da kuɗinta, fasfonta na cikin jakarta, tana iya tashi ta canja otal a daren. Wadda abin ya fi ci ita ce wadda wani ya yi wa komai.

Ga yadda yake faruwa. Bazawara ce a Kano ko Gusau ko nan Agege, da 'ya'ya biyu, tsohon miji ya yi watsi da su. Wata ƙawa ta haɗa ta da ejan. Ya ce kada ta damu da kuɗi, shi zai yi fasfo da biza da gwajin asibiti da tikiti, in ta fara aiki sai a riƙa cira a albashi. Daga ranar ta zama mai bashi, kuma bashin ba a rubuce yake ba, don haka yadda ya ga dama haka zai faɗe shi. In daga Arewa ta taho, shi zai sauke ta a wani gida a Legas ta jira ranar tashi, wani lokaci mako biyu, wani lokaci wata biyu, a garin da ba ta jin yarensa kuma ba ta san kowa ba. Fasfon yana wurinsa "don kada ya ɓace". A irin wannan masauki ne wasu ke fara jin maganar: "Ke fa ba ki da wayo. Waɗanda suka ba da haɗin kai tuni sun tashi." Ta koma gida ta ce me? An riga an yi sallama, wataƙila ma an sayar da akuya ko gado an yi mata guzuri.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, kuma wanda ba shi da shi bai da hurumin tura kowa aiki waje. Sai dai a unguwanninmu ba lasisi ake tambaya ba. Ana cewa, "Ai Alhaji sananne ne, shi ya tura 'yar gidan wane." Sanayya ta maye gurbin takarda, kuma ita sanayyar ce ke rufe bakin kowa ranar da abu ya ɓaci.

## Kafala: inda aka ƙulla igiyar

Wanda bai fahimci kafala ba ba zai gane dalilin da ya sa yarinya ke kuka a bidiyo maimakon ta buɗe ƙofa ta fita ba. A Saudiyya da Kuwait da Oman da Labanon da maƙwabtansu, zaman baƙon ma'aikaci a ƙasa a ɗaure yake da sunan wanda ya ɗauke shi, wato kafili. Da sunansa aka yi biza, ta hannunsa ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. In 'yar aiki ta bar gidan ba da izininsa ba, yana iya kai rahoton cewa ta gudu, abin da masu zaman Saudiyya ke kira hurub. Daga lokacin ta zama mai laifi a idon hukuma, ko da kuwa gudun tsira da mutunci ta yi. 'Yan sanda na iya kama ta, a kai ta tarhili, wato gidan tsare waɗanda za a kora, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, a tiso ƙeyarta gida ba albashin watannin da take bi. Wasu masu gida ma sukan riga ta kai ƙara, su ce ta yi sata.

An yi gyare-gyare, ba a ce ba a yi ba. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wa ma'aikata da yawa, suna iya canja aiki ko barin ƙasa ba sai da sa hannun kafili ba. Amma an cire masu aikin gida daga wannan sassauci, su da direbobin gida da makiyaya. Katar ta soke takardar izinin canja aiki a 2020. Labanon kuwa dokar ƙwadagonta ta fito fili ta ware masu aikin gida, ba ta rufe su ba. Dokokin yawancin ƙasashen nan sun hana riƙe fasfon ma'aikaci, amma wa zai shiga gidan mutum ya duba durowarsa?

A nan ne larurar take. Ma'aikacin gini yana kwana da abokan aikinsa, in an zalunce shi akwai idanu. 'Yar aikin gida kuwa, shagala kamar yadda ake kiranta can, a gidan take aiki, a gidan take kwana, sau da yawa ɗakinta ba sakata ta ciki. Wanda ke damunta shi ke biyanta, shi ke riƙe da takardunta, wani lokaci shi ke da ikon wayarta. In ɗan gidan ne, uwarsa ba za ta yarda ba. In maigidan ne, uwargida na iya juya fushinta kan yarinyar. Ejan na can zai ce ta yi haƙuri ta cika kwantiragi, don in ta fita kafin lokaci shi za a bi kuɗi. Ejan na nan ya daina ɗaga waya.

A watan Afrilun 2020 wani mutum a Labanon ya saka hoton fasfon wata 'yar Najeriya mai aikin gida a Facebook, ya ce na sayarwa ce a kan dala 1,000. Hukumomin ƙasar sun kama shi bayan an yi ca, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa ta sa baki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai ɓoye ba. A tunaninsa ya biya kuɗi ya kawo ta, don haka hajarsa ce.

Wadda ta shiga da bizar umara ta maƙale, ta zama takari, nata ya fi haka muni. Ba kwantiragi, ba iƙama, ba inda sunanta yake. Duk wanda ya cuce ta ya san ba za ta doshi ofishin 'yan sanda ba.

## A kan hanya

Masu bin ƙasa ma suna da nasu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, amma matan da ke zuwa Kwatano da Lome sarin atamfa da takalma sun san shingayen hanyar Badagry zuwa Seme. Bayan na goro, akwai "sauko mu bincike ki", akwai neman lambar waya, akwai riƙe kaya har duhu ya yi. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ke tafiya ayari, su sa sabuwar shiga a tsakiya.

Hanyar Agadas zuwa Libiya kuwa ta wuce cin zarafi, ta kai ga bauta. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga mata 'yan Najeriya fiye da 11,000 da suka isa Italiya ta teku a 2016, ta kuma yi kiyasin cewa kusan kashi 80 cikin 100 nasu na cikin haɗarin a jefa su karuwancin dole. Yawancinsu daga Jihar Edo suke, inda ake ɗaure su da rantsuwar tsafi, har sai da Oba na Benin, Ewuare II, ya fito a Maris na 2018 ya warware rantsuwar ya tsine wa masu yinta. Kada Bahaushe ya ce wannan ba tasa ba ce. Can rantsuwa a gidan boka, nan bashi da kunya, aikinsu ɗaya.

Cikin jirgin sama ma ana yi, musamman a tafiyar dare in an kashe fitilu, mace na barci, na kusa da ita ya miƙo hannu ta ƙarƙashin bargo. Da can, bisa yarjejeniyar Tokyo ta 1963, ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ce ke da hurumin hukunci, sai mai laifi ya sauka a wata ƙasa ya kama gabansa. Gyaran da aka yi a Montiriyal a 2014 ya ba ƙasar da jirgin ya sauka hurumi ita ma, in ta sa hannu. Najeriya ce ƙasa ta 22 da ta amince, kuma amincewarta ce ta cika adadin da ya sa gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Amfaninsa ga matafiya shi ne ta gaya wa ma'aikatan jirgi tun ana sama, su canja mata kujera, su rubuta, su sanar da jami'an tsaro kafin a sauka.

Wani lokaci hukuma ce da kanta. A Oktoban 2020, bayan an tsinci jaririya a banɗakin filin jirgin Hamad da ke Doha, an sauko da mata daga jirage da dama, ciki har da mai zuwa Sidni ta Ostireliya, aka duba al'aurar wasunsu ba da yardarsu ba. Gwamnatin Ostireliya ta yi tsaye, Katar ta ba da haƙuri. Mutum ya tambayi kansa, da jirgin Legas ne, har ina maganar za ta kai?

## Gardamar muharrami

Masu cewa muharrami ne magani suna da hujjarsu ta addini, malamai kuma sun daɗe da saɓani a kan ko ayarin amintattun mata ya wadatar a tafiyar Hajji, kamar yadda aka sani a mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya. A Satumbar 2012 Saudiyya ta tsare mata maniyyata 'yan Najeriya kimanin 1,000 a Jidda da Madina kan rashin muharrami, har Najeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. Shekara goma bayan haka, a Oktoban 2022, ministan Hajjin Saudiyya Taufiƙ al-Rabi'a ya sanar cewa mace na iya zuwa Hajji ko Umara ba muharrami.

Ba musu, rakiyar ɗan'uwa tana rage wasu haɗurra, ta tasi da ta otal da ta shingen hanya. Amma ba ta amsa tambayoyi biyu ba. Wane ƙane ne zai bi yayarsa ya zauna shekara biyu a gidan kafili? Sannan me za a ce da matan da aka shafa a tsakiyar ɗawafi, mijinsu na riƙe da hannunsu? A Fabrairun 2018 wata 'yar Pakistan ta rubuta abin da ya same ta a ɗawafi, 'yar jaridar nan ta Masar Mona Eltahawy ta buɗe gangami a intanet, mata daga ƙasashe da dama suka fito da labarai iri ɗaya. Mace cikin hijabi har ƙasa, a gaban Ka'aba. Duk mai cewa sutura ce ke jawowa, sai ya tsaya a nan ya yi bayani. A shekarar ce Saudiyya ta kafa dokar hana cin zarafi: ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar riyal 100,000, in laifin ya yi tsanani shekara 5 ko riyal 300,000.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Inda aka tsananta sharaɗin muharrami ba tare da duba talaucin da ke korar mata ba, kasuwar muharramin haya ce ke buɗewa. Ejan ya haɗa mace da wani ƙato a takarda a matsayin miji ko wa, ta tafi tare da baƙon da yake ganin yana da iko a kanta.

## Me ya sa ba sa faɗa?

Tsoron hukuma na farko. A 2013 wata 'yar Norwe ta kai ƙarar fyaɗe a Dubai, sai ita aka yanke wa ɗaurin wata 16, har da laifin saduwa ba aure, sai da ƙasarta ta tashi tsaye aka yi mata afuwa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta sauya wasu dokokinta daga 2020, amma labarin ya riga ya zauna a zukatan baƙi. Ga rashin harshe: ana rubuta bayani da Larabci, a ce ta dangwala hannu.

Amma tsoron gida ya fi. Wadda ta dawo daga Jidda ko Maskat, tun kafin ta buɗe baki wasu sun gama yanke mata hukunci. In ta faɗi abin da ya faru, maneminta ya janye, kishiyoyin uwarta su samu na gori. Uwar da kanta za ta ce, "Rufa mana asiri, 'yar nan, ki bar wa Allah." Ga bashin ejan, ga ƙannen da ake biya wa makaranta da kuɗin da take turowa. Shi ya sa ba wanda zai kawo maka adadi na gaskiya. Waɗanda aka ji su ne waɗanda tura ta kai bango.

## Ina ake kai kuka?

Kafin tafiya, abin da ya fi komai amfani ƙarami ne: hoton fasfo da biza da kwantiragi a wayar wani ɗan'uwa a gida, sunan kafili da adireshinsa, lambar ofishin jakadancin Najeriya a haddace ko a rubuce a takarda, don waya ce abin da ake fara ƙwacewa. Kwantiragin da ba a karanta mata shi da harshen da take ji ba, kada ta sa hannu. Bizar yawon buɗe ido ko ta umara ba ta aiki ba ce, duk daɗin bakin da za a yi mata. In an kama ta a waje, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba ta haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarta, kuma ofishin na iya ba ta takardar komawa gida ta gaggawa ko da fasfon na hannun kafili. Aikin ofisoshin namu yana da jinkiri, amma ƙorafin da dangi suka bi da naci daga nan ya fi saurin motsawa.

A nan Legas, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003 aka ƙarfafa dokarta a 2015, tana da ofishi a Ikeja, kuma ejan da ya yaudari mace yana cikin huruminta ko da laifin a waje ya ƙarasa. Gwamnatin jiha na da hukumar yaƙi da cin zarafi a gida da na lalata, wadda doka ta tabbatar a 2021. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, tun 2013 take duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, don haka wadda abin ya same ta a masaukin ejan ko a hanyar dawowa, asibiti ne farko, kafin zaman dangi.

Sai dai ƙararrakinmu kaɗan ne ke isa waɗannan ofisoshi. Yawanci a zauren wani babba a unguwa ake kashe su. A kira ejan, ya rantse shi taimako ya yi, bai san halin Balaraben ba. A ce wa uban yarinya, "Malam, a yi haƙuri, duk gida ne, kada mu kai kanmu gaban hukuma a garin mutane." Ejan ya yafe ragowar bashin, a yi fatiha a tashi. A jakar da ya shigo da ita zauren kuwa, akwai fasfo shida na waɗanda za su tashi wata mai zuwa.